Ajiyar Baba a Gwangwanin Inna

Mun tashi da asuba daga Sakkwato ranar Talata, ni da Inna, cikin tsohuwar motar Baba, Allah ya jiƙansa. Wani ƙauye muka nufa bayan Kajiji, gidan surukaina, inda matata ta gama wankan jego. Za mu kwana, washegari mu juyo da ita da jaririnmu. Yaron bakwaini ne, ranar da aka haife shi tsoron ɗaukarsa na yi saboda ƙanƙanta. Likita ya ce a dawo da shi ranar Laraba da sassafe a sake auna shi, kuma ya ja mana kunne sosai: kada a kuskura sanyi ya buge shi a hanya.

To jama'a, kun dai san sanyin bana. Inna ta shigo mota da mayafi biyu da safa, ta rungume jakarta tana karkarwa. Ni kuwa sai cika baki nake, wai ta kwantar da hankalinta, motar tana da hita mai huro ɗumi. Shekara shida ke nan da na gaji motar nan, ban taɓa murɗa makunnin hitar zuwa ɓangaren ja ba. Mutumin Sakkwato da hita, ina aka haɗu? Muna fita gari na murɗa da ƙarfin gwiwa. Wata iska ta feso mana kamar an buɗe firij.

"Kashe wanga abu!" in ji Inna. "Kai, rama hwaɗan da ni yi maka jiya za ka yi?"

Na ce ta yi haƙuri, inji ne bai ɗumama ba. Muka ci gaba. Gefen hanya mutane sun kewaye wutar kara, masu babur sun naɗe kai sai idanu, wasu raƙuma ɗauke da karan dawa suna tafe abinsu ko a jikinsu. Na yi ta satar kallon allurar zafin inji, tana kwance a ƙasa kamar ta mutu. Minti ashirin muna gudu, ba ta ɗaga ba. A nan dariya ta ƙare mini. Dattijuwa da mayafi biyu tana haɗa haƙora, ina ga jaririn da gobe zan ɗauko a cikin wannan motar, a irin wannan lokacin?

Gari na wayewa muka shiga Bodinga. Na tsaya wurin wani mai shayi don Inna ta sa abu mai zafi a ciki. Shayin nasa ya ji citta da kanumfari, burodin dai ya ƙara kuɗi ya rage jiki, kamar na ko'ina. A kan bencin na tarar da wani dattijon makanike, garejinsa na nan bayan rumfar, ya zo karin kumallo. Na faɗa masa damuwata. Sai da ya shanye shayinsa tas, sannan ya ce in buɗe bonet.

Ya dafa babban tiyon da ke zuwa lagireto, ya dafa injin, ya girgiza kai. Ya ce hitar mota ba ta da wutar kanta, zafin ruwan inji take ara ta huro ciki. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da suke kira tamostat, wanda ke tare ruwan a cikin inji har sai ya yi zafi, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto ya huce. In babu shi, tun daga tayar da mota ruwan ke zagayawa, iskar hanya na fifita shi, da safiyar sanyi ko Jega za ka kai inji ba zai ɗumama ba. Ya kwance wurin, ya nuna mini rami wayam.

"An cire shi," ya ce, yana dariya. "Mu munka saba hakanan. Mota na isowa ƙasag ga, sai mu ce zahin Sakkwato ya ishe ta, mu hidda shi mu yas. Ba mu tuna ɗari na zuwa."

Ruwan ma da ya tsiyaye, abin kunya. Ja wur da tsatsa, kuma bai kai rabi ba. Laifina ne wannan, ruwan rijiya nake ɗura mata in na tuna. Ya ce wannan mai sauƙi ne, zai wanke ya zuba koren ruwan lagireto na galan. Matsalar ɗan ƙarfen ce. Motar ta tsufa, irin nata sai an aika Sakkwato an bincika, in an dace jibi. Ni kuwa gobe da asuba nake bukata. Ya ɗauko wani matacce na wata mota daga aljihunsa don in ga kamarsa, in je nema da kaina.

Inna tana zaune a mota da kofin shayi, ƙofa a buɗe. Sai na ji ta ce, "Malam, miƙo in gani."

Ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da gwangwanin nan. Duk gidanmu mun san shi, tsohon gwangwanin alewa ne da take ajiye 'yan kayan Baba: carbinsa, tabaransa mai karyayyen hannu, da ɗan mataji na gemu. Ba ta kwana ko'ina ba tare da shi ba, kuma ba mai taɓa shi. Daga ƙasa ta zaro wani ƙullin tsumma ta kwance. Ga shi nan, ɗan ƙarfe mai ruwan tagulla da waya a murɗe, sai ƙyalli yake don goge shi da take yi.

Ta ce shekarar da Baba ya sayi motar, da bazara, ya dawo daga gareji ya miƙa mata shi, ya ce ta ajiye masa, wata rana zai nema. Bai faɗa mata ko mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Shekara goma sha huɗu tana riƙe da shi.

Makaniken ya karɓa da hannu biyu. Ya ce shi ne, amma abin da ya daɗe haka sai an gwada. Ya ɗaura masa waya, ya roƙi mai shayi tafasasshen ruwa a wani tsohon gwangwanin madara, ya ɗora a gefen wuta ya tsoma shi. Muka kewaye, har da masu shan shayi da ba su san kan zancen ba. Ni dai salati nake a zuci. Can sai ga bakin abin yana ɗagawa a hankali, ya buɗe. Mai shayi ya yi kabbara kamar shi aka yi wa haihuwa.

Kafin a ɗaura, Inna ta ce a ba ta shi tukuna. Ta share masa ruwa da gefen mayafinta. Ta tambaya, in an sa shi ciki, ana ganinsa daga waje? Makaniken ya ce a'a, Inna, rufe shi za a yi. Na ga yadda ta damƙe shi, tausayinta ya kama ni, na ce ta bar abinta, zan koma Sakkwato in nemo wani ko yini zan yi. Ta harare ni, ta miƙa wa makaniken, ta kau da kai tana kallon titi har aka gama.

Daga Bodinga zuwa Shagari allura ta hau ta tsaya a tsakiya daram. Fadamu sun yi kore shar da albasa, ana ta ban ruwa. A Shagari muka ci masa da miyar taushe, na sayi rake da buhun albasa ƙarami na tsarabar surukai, mai albasar yana rantsuwa faɗuwa ya yi, ni ma ina rantsuwa an cuce ni, muka rabu muna dariya. Bayan Kajiji muka sauka daga kwalta, hanyar duk ta masu babur ce, motar Baba tana tafe tana nishi. Duk tsawon hanyar gwangwanin yana kan cinyar Inna.

Surukaina sun karɓe mu da fura da nono da tuwon dawa, har da zabi biyu. Sunan Baba yaron ya ci, don haka Inna ba ta iya kiran sunansa. Da aka miƙa mata shi sai ta ce, "Maigida, ashe nan ka ɓoye ka bar ni?" Mata suka kwashe da dariya, ita kuwa idanunta sun cika.

Laraba bayan sallar asuba na tayar da mota, na bar ta 'yan mintoci, muka kama hanya a hankali. Matata na baya da yaron cikin tawul uku, Inna na gefenta. Ban taɓa hita ba sai da na ga allura ta motsa, kafin mu hau kwalta. Na yi bisimilla na murɗa. Inna ta miƙo hannu tsakanin kujeru ta tara a bakin iskar, ta bar shi a nan. Ɗumi ne mai laushi, ya cika motar. Waje mutane na ƙudundune a bakin wuta, mu kuwa kafin Shagari matata ta cire wa yaron tawul ɗaya, ta ce in rage, ga zufa a kan hancinsa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. A Bodinga na danna wa makaniken ham sau biyu, ya ɗaga mana kofin shayinsa.

Mun isa asibiti a kan lokaci. Likita ya ce yaro ya ƙara nauyi, ƙirjinsa lafiya lau, alhamdu lillahi. Abin da na koya a tafiyar nan, ku duba ruwan motarku tun kafin sanyi, kuma kada ku yarda a cire muku abin da mai ƙera mota ya sa don kawai garinku da zafi.

Da muka dawo gida na tarar da Inna a ɗakinta tana gyara gwangwanin, tana ninke tsumman da babu komai a ciki. Na ce mata na yi alkawari zan sayo sabo, a ciro na Baba a dawo mata da shi.

"Kak ka soma," ta ce. Ta duƙa ta gyara wa yaron hula, yana barci a kan gadonta. "Cewa yay yi in aje mishi, wata rana shi nema. To ya nema, na ba shi."