Ranar da Na Ce wa Mahaifina "Kai!"

Shekarun baya, bayan babban farin nan da ya kashe shanu, lokacin mutane ba su gama sabawa da naira ba, na bar maƙerar gidanmu a Ɗanzomo na tafi Gumel koyon injin sassaƙa ƙarfe. Ba yaro ba ne ni a lokacin. Ina da mata da 'ya guda, kuma na iya ƙira daidai gwargwado, don gadonmu ce. Fartanya, lauje, gatari, duk ina yi ba tare da an tsaya a kaina ba.

Wata ƙusa ce ta kai ni. Wata Alhamis na kai kaya kasuwar Maigatari, sai na tsinci wata ƙatuwar ƙusa da notinta a inda manyan motoci ke tsayawa. Na zauna a inuwa ina murɗa notin yana hawa yana sauka, sumul, ba ya cijewa ko'ina. Na duba zaren da aka yanka a jikin ƙusar, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Wane irin hannu ne ya yi wannan? Da na koma gida na ɗauki magagari na yi kwana da kwanaki ina ƙoƙarin yin irinta. Abin da na samu ya fi kama da rogon da ɓera ya gwaguya. Wani direba ne ya gaya mini cewa inji ke yi, kuma akwai irinsa guda ɗaya a Gumel.

Mahaifina shi ne babban maƙerin garinmu. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ko da na yi gemu, "wannan yaron" nake a bakinsa. Da na durƙusa na gaya masa niyyata, bai ɗago daga kan uwar maƙera ba.

"Ba wuta aka ce?"

"Ba wuta, Baba."

"Ba masaba?"

"Haka aka ce mini."

"To je ka ka gano mana ƙaryar. In ka gaji ka dawo, zugazugi na nan."

Maigidan da na samu a Gumel Badamagare ne, dogo, mai sanƙo, wanda ya yi shekaru yana aikin injuna a ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran tsallaken iyaka a lokacin. Rumfarsa na kusa da tasha. A bayan bango akwai injin gas da ke ta bugawa, wani dogon bel ya ratso ta taga yana juya injin sassaƙar. Shi kuwa injin dogo ne kamar gadon ƙarfe. A gefen hagu yana da wani faifai mai haƙora uku da ke damƙe ƙarfen da za a yi wa aiki ya yi ta juya shi, mu muna ce masa baki. Sai wata 'yar wuƙa, ba ta fi ɗan yatsa ba, da ake matso da ita a hankali tana feraye ƙarfen.

Ranar farko da ya tayar da shi a gabana, ban san sanda na tsinci kaina a bakin titi ba. Ya bar ni na dawo da ƙafata, bai ko yi dariya ba. Da na leƙa, sai na ga ƙarfe mai sanyi yana fitar da ɓawo kamar ana feraye rake, ɓawon yana nannaɗewa, yana komawa shuɗi. Bakina a buɗe ya wuni.

Na ɗauka washegari zan fara yanka. Ina! Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Cire rigar."

Na cire.

"Zoben ma. Da abin da ke damtsenka."

Nan na tsaya. Kambun nan kakana ne ya ɗaura mini, kuma kowane ɗan maƙera ya san amfaninsa. Na ce, "Maigida, ai maganin ƙarfe ne."

Ya ce, "Na sani. Wanda ya yi shi, da wuƙa da wuta ya yi shawara. Wannan injin bai halarci zaman ba."

Ya ɗauko wani tsohon buhu, ya tayar da injin, ya miƙa gefen buhun da sanda. Ban ga yadda aka yi ba. Na dai ji fat, sandar ta bugi rufin kwano, buhun ya naɗe a jikin ƙarfen tam kamar an ɗaure shi da gangan. Ya tsayar da injin, ya ce in warware. Ina warwarewa ina lissafin inda hannuna zai kasance da a ce hannun riga ne. Na cire kambun na sa a aljihun wando.

Makonni na yi ban yanki komai ba. Abin da kawai nake koyo shi ne tsayar da injin. Akwai wata liba a dama da ke zame bel, sai ya sa in tsaya, yana cikin hira da ni ko da wani, kwatsam ya daka tsawa da Faransanci, "Atansiyo!" ni kuwa in kai hannu in ja. In na duba kafin in ja, a sake. Har ta kai wata rana ina sayen ƙosai wani ya kira ɗansa da ƙarfi, na kai hannun dama na damƙi iska, mai ƙosai ta tambaye ni ko lafiya.

Sauran dokokin a hankali suka zo, kowace da ranarta. Makullin da ake ɗaure bakin injin da shi, wanda yake kira kile, ba a sakinsa a jiki ko da za a juya a yi atishawa. Ya nuna mini ramin da wani kile ya taɓa yi a bango. Kafin a tayar, sai an juya bakin da hannu an ga ba abin da zai buga. Ba a auna ƙarfe yana juyawa, ba a shafa shi da tsumma, ba a jingina. Ɓawon ƙarfe kuwa ba a taɓa shi da hannu, sai an tsayar an ja shi da ƙugiya. Ga kuma tabarau mai kauri da ya ce dole in sa. Da na je gida da shatinsa a fuskata, matata ta ce na yi kama da kwaɗon da ya yi mamaki.

Ni kuma ba na gajiya da tambaya. Me ya sa wannan ƙaramar wuƙar ke cin ƙarfe, ita ba ta cinyewa? Me ya sa ƙarfe mai kauri ake juya shi a hankali, siriri da sauri? Me ya sa tagulla ke fitar da gari, baƙin ƙarfe kuwa zare? Wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya ce, "Saurara, zai gaya maka." Kuma gaskiya ne. In wuƙa ta dakushe kukan injin daban ne, in an ci da yawa daban ne. Kafin damina ta zagayo na fara yanka zare da kaina, noti yana hawa ba gardama.

Ana nan sai injin niƙan garinmu ya lalace. Sandar ƙarfen da ke juya dutsen ce ta cinye. Mata suka koma turmi, gari ya cika da ƙorafi, aka kai wa mahaifina. Ya ƙera wata, da kyau kuwa, amma da aka ɗaura sai injin ya riƙa rawa kamar zai tashi sama, don masaba ba ta iya fitar da ƙarfe ya zagaye cif. Wata safiya ina share rumfa, sai na ga mutum ya sauko daga mota da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ƙarfe naɗe cikin buhu a hammata. Mahaifina ne.

Maigida ya karɓe shi da girma, ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura. Ya duba tsohuwar sandar ya ce, "Baba, ɗanka ne zai yi wannan." Ya kuma nuna masa wani layi da aka ja a ƙasa, ya ce don Allah kada a ƙetare shi. Mahaifina ya ce to. Ya tsaya a bayan layin, hannuwa a baya, yana kallona ina ɗaure ƙarfe, ina cire kile, ina juya baki da hannu.

Na tayar. Wuƙa ta kama, ɓawo ya fara fita. Na saci kallonsa, sai na ga bakinsa a buɗe, irin buɗewar da nawa ya yi. Daidai nan wani direba ya kira Maigida waje a kan wani aiki.

Ƙarfen irin mai fitar da dogon zare ne. Ɓawon ya yi tsawo, ya fara naɗewa kusa da baki. Ina shirin tsayarwa in ja shi da ƙugiya, sai na ga inuwa a kafaɗata ta hagu. Mahaifina ya ƙetare layin bai ma sani ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar garwashi da yatsu ya mayar cikin wuta, ya ga datti a kan aikin ɗansa, ya miƙa hannu zai cire masa. Hannun babbar rigar na lilo a saman haƙoran.

"Kai!"

Ni na faɗa. Hannuna na dama ya riga ya ja liba, na hagu ya bugi nasa, na ture shi da kafaɗa. Na ji kyat, rigar ta yage. Ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin benci. Bakin injin ya ɗan ƙara zagayawa ya tsaya, da ƙyallen rigar naɗe a jikin ƙarfen.

Shiru, sai bugun injin gas a bayan bango. Direban da wasu mutum biyu sun leƙo, sun ga tsoho a ƙasa, ɗansa tsaye a kansa. Ni dai na san ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, yau ga shi na ce masa "kai" kamar ina korar akuya, na kuma kayar da shi a gaban baƙi. Na rasa ko in ɗaga shi ko in ɗauko hular.

Maigida ya shigo, ya dubi ƙyallen, ya dube mu. Ya sa filaya ya ciro ɓawon nan ya ajiye a gaban mahaifina. Mahaifina ya ɗauke shi da bakin rigarsa, ya juya shi, ya goga shi a gefen takalminsa na fata. Fatar ta tsage kamar an sa aska. Ya daɗe yana kallon tsagar.

Sai ya miƙe, ya tuɓe babbar rigar, ya ninke, ya cire zobensa ya ɗora a kai, ya miƙa wa Maigida. Ya tsaya daga shi sai 'yar shara, ya dube ni.

"Ina ake tsayawa?"

Na nuna masa. Maigida ya ba shi nasa tabarau. Daga nan har la'asar bai bar ni na huta ba. Da me aka yi wuƙar? Wa ya ba ta ruwa ta yi tauri haka? In an ƙara gudu me zai faru? Me ya sa ɓawon ke yin shuɗi, ashe dai akwai wutar, ɓuya ta yi? Wannan ta ƙarshe ta yi masa daɗi ƙwarai, ya maimaita ta ya fi a ƙirga. Da aka gama ya ɗauki sandar, ya mirgina ta a kan benci, ya ga ba ta tangaɗi, ya ce, "Hm." A wurinsa wannan babban yabo ne.

Na raka shi tasha. Kafin mota ta cika na ja shi gefe na durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni."

Ya gyara yagaggen hannun rigar a kafaɗa. "Da wane hannu ka buge ni?"

"Da hagu, Baba."

"Uban naka, da hagu? Ina daman?"

"Tana kan liba."

Ya ce, "To, ka bar ta a can." Ya shiga mota.

Bai sake tayar da maganar ba har Allah Ya yi masa rasuwa. Mahaifiyata ta ce da ta tambaye shi abin da ya sami rigar, cewa ya yi ƙusa ce a tasha.

Na yi shekaru masu yawa a kan wannan injin da irinsa, na koyar da mutane da dama, kuma yatsuna goma suna nan, alhamdu lillahi. Duk wanda ya zo wurina, tsayarwa yake fara koya kafin tayarwa, kuma ina gaya masa tun ranar farko cewa in ya ga hannu ya nufi inda bai kamata ba, ya buge shi, ko na wane ne, ko nawa ne. Gaisuwa da ban haƙuri sa biyo baya. Amma abin da ya fi zauna mini daga wannan rana ba tsoron ba ne. Nauyinsa ne. Duk tasowata ina ganin mahaifina kamar bishiyar kuka, ba abin da zai motsa shi. Da kafaɗata ta taɓa shi sai na ji shi sakayau, kamar damin kara. A ranar na san ya tsufa. Yanzu da na kai shekarunsa na wancan lokaci, in ɗana ya riƙe mini hannu za mu tsallaka titi, ba na fizgewa.