Ranar da Aka Fasa Rumbu Saboda Ni

Gudun aiki ne sana'ata ta farko, kuma shi ya kusa aika ni lahira da ƙaiƙayi a wuya. Wata damina ce bayan samun mulkin kai, ana tsakiyar marka, a ƙauyenmu da ke gindin wani tudu kusa da Ƙarfi. Da hantsi aka ce in bi yayyena huɗar dawa, sai na sulale gidan maƙwabcinmu Baba Nomau, wani dattijon Bamaguje, na hau tsani, na ɗaga murfin rumbunsa na dirga ciki. Sai da na sauka na gane dawar ta yi ƙasa, bakin rumbu ya fi ƙarfin hannuna. Na ce ko ba komai na tsira daga garma, na miƙe a kan dammuna.

Iska ce ta tashe ni. Ta fizge murfin ta yi sama da shi, ruwa ya shiga tsula mini bulala. Ina jin itatuwa suna karyewa, awaki suna kuka, katanga tana faɗuwa tim. Can sai ruri daga tudu, ashe ƙasa ce ta zaftare. Laka da duwatsu suka gangaro, suka binne garken tumaki, suka murƙushe rumbuna biyu, suka daki wanda nake ciki. Ya karkata, dammuna suka rufto suka danne mini ƙirji, ruwa yana taruwa har haɓata. Na kwarma ihu, na kira uwata, na karanto duk ilimina, wanda bai wuce Fatiha ba, ita ma da gyara.

Wannan rumbun kaɗai ya rage wa gidan, shi ne abincinsu har kaka. 'Ya'yan Baba Nomau sun ɗauko itace za su tokare shi, sai tsohon ya ji muryata tana shaƙewa. Tsani kuwa ruwa ya tafi da shi. Ya ce, "Ku ba ni gatari." Babban ɗansa ya riƙe masa hannu yana cewa, "Baba, me yara za su ci?" Tsohon ya ture shi cikin laka, ya sari cikin rumbun har ya fashe. Muka ɓulɓulo tare, ni da dawar. Ni ya cafke a ƙafa, ita kuwa ambaliya ta wuce da ita.

Ganyen tafasa da dusa gidan suka ci har sabon hatsi ya shigo. Dukan da mahaifina ya yi mini ya warke tuni. Yanzu hatsi a buhu yake, a ɗakin kwano, babu rumbun da yaro zai ɓuya, tsohon ma ya daɗe a ƙasa. Amma da kakar waccan shekarar ya tarar da ni ina barci a gindin ɗorawa, ya taɓa ni da sanda ya ce, "Kai ne dawarmu ta bana, ɗan nema. Yaushe za ka yi auki?"

Ga furfura ta cika mini kai, har yau ban yi aukin ba.