Irin da Na Kawo wa Kawu Daga Amurka

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ina ƙaramin malamin gona a Dogon Dutsi, gwamnati ta sa ni cikin masu zuwa Amurka ganin noma. Kawuna, sarkin noman garinmu can wajen Guéchémé, bai nemi hula ba, bai nemi agogo ba. Iri kawai ya ce in kawo masa. Tun ban hau jirgi ba ya share gonarsa ta bakin fadama, ya gama shelanta wa duniya cewa bana masarar Nasara zai shuka.

A can aka kwashe mu a mota har wata gonar masara da ido ba ya kai ƙarshenta. Mai gonar, wani ƙaton Bature ja wur, ya zaga da mu rumbunan ƙarfe, yana bayani, tafinta na juya mana da Faransanci. Daga ƙarshe ya kai mu gaban wani inji yana ta cika baki. Aka kunna. Me zan gani? Gugguru! Wallahi gugguru, wanda tsohuwa ke soyawa da kasko da rairayi a bakin tasharmu. Na ratsa teku don wannan. Sai da na ciji leɓe kada in yi dariya.

Amma masarar ta yi kyau, kuma ban manta da Kawu ba. To, a wurinmu manomi ba ya roƙon iri, abin kunya ne. Yabon amfanin gonar mutum kake yi, shi kuma in ɗan halak ne ya ɗebo maka. Na yaba sau ɗaya, Bature ya washe baki. Na sake yabawa, ya girgiza mini hannu kamar zai cire shi. A na uku har da dafa ƙirji, sai ya shiga ciki ya fito da ƙaton buhun takarda a ɗaure. Na ce a raina, ashe Nasara ma ya san ya kamata. Rashin nauyinsa ya ɗan dame ni, amma wa ke kwance kyauta a gaban mai ita?

A masauki na buɗe. Soyayye ne, har da gishiri. Gonar kuwa mun baro ta nisan yini guda.

Haka na kai shi gida, don ba a komawa hannu rabbana. Kawu ya tara dattawa ƙarƙashin gawo, ya yi bisimilla, ya kwance buhun da kansa. Ya ɗauki ɗaya ya tauna, guggurun ya yi laushi tuni.

"Ba ka da baki ne?" ya ce.

Na ce na yaba har sau uku.

"To, ka kyauta. Tarbiyya ta yi."

Gero ya shuka a wurin, a makare. Har ya rasu ana kiran filin nan gonar gugguru, shi ma ana ce masa sarkin gugguru a bayan idonsa. Ya sani sarai. Bai taɓa tada mini maganar ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.