Tabon Tagulla a Bindigar Mijin Murjanatu

Murjanatu ce kaɗai matar da na sani da ta bar aikin goge-goge a otal mai sanyi da ƙamshi ta koma inda ake harbe-harbe. Ɗaki ɗaya muke haya a Al Satwa, gadona a ƙasa, nata a sama, don haka ina da bakin magana. Na ce mata, "Ke dai akwai neman wahala. Duk faɗin Dubai ki rasa abin sharewa sai kwanson harsashi?" Ta yi murmushi ta ci gaba da ninke kayanta. Haka take, in ba ta ga damar magana ba, ko ka wuni kana tsokanarta ba ka samun komai.

Wurin kulob ne na masu hali da 'yan yawon buɗe ido. Su biya, a ba su ƙaramar bindiga, su yi ta harbin takarda suna ɗaukar hoto. Ita ke share kwansunan da suka zube, ta kuma kai bindigogin haya a tire wajen Abdulhakeem, wani dattijon Bahaushen Sudan da ke gyara su yana goge su.

Mun daɗe tare kafin ta gaya mini abin da ya kai ta can. Mijinta, Mubashir, ɗan sanda ne a gida, ya rasu shekarun baya. Mutum ne mai tsabtar tsiya. Kullum kafin ya fita sai ya goge bindigarsa tas da man keken ɗinkinta, in ya dawo ya ɗora ta a kan kwaba. Wata rana ta lura da wani tabo ruwan tagulla a kan murfin sama, bayan 'yar tagar da kwanso ke fita. Kwanson ne, in ya yi tsalle waje yakan daki ƙarfen ya bar launinsa. Ba ya hana bindiga aiki, tsumma ma yana cire shi. Amma bindigar da aka goge da safe ba ta dawowa da shi haka kawai.

Ba ta taɓa tambayarsa ba. Duk ranar da ta ga tabon sai ta jiƙa mudun shinkafa, washegari ta toya waina ta raba wa maƙwabta sadaka, da niyyar ladan ya kai ga wanda harsashin ya samu, Allah kuma ya yafe wa mijinta. A lissafinta tabo ɗaya harbi ɗaya ne, harbi ɗaya kuwa mutum ɗaya. Maƙwabta dai suna ta cin waina suna yabon hannunta.

Tabon ƙarshe shi ya hana ta sakat. Ya fi na kullum faɗi. Ranar Mubashir ya dawo bai taɓa abinci ba, ya yi ta wanke hannu a bakin rijiya. Ba a jima ba ya kwanta ciwo, aka zo aka karɓe bindigar, ya tafi bai ce mata komai ba. Tun daga nan tambaya ɗaya take ɗauke da ita: shin mijinta ya tafi da haƙƙin rai a wuyansa? Ni shaida ce, ko cokali ne ya faɗi kan tayil a kicin ɗinmu sai ta daskare, ta juya tana duba bayanta kamar an kira sunanta. Da farko dariya nake mata. Bayan na ji labarin, ni kaina na koma ajiye cokali a hankali.

Fatanta shi ne a ce tabon yana iya fitowa ba tare da harbi ba, misali in an ja murfin da hannu an zubar da harsasai. Don ta ji wannan daga bakin wanda ya sani ta nemi aikin. Sai kuma tsoro ya kama ta, ta yi watanni tana kai wa Abdulhakeem tire tana dawowa da tambayarta.

Ranar da ta tambaya ta dawo da la'asar, ta zauna a gadona da takalmi a ƙafa, abin da ta san na tsana. Da na ga fuskarta sai na zauna kusa da ita.

Ta ce dattijon ya ɗauka sha'awar aikin ce ta kama ta, har ya ji daɗi. Ya ɗauko gogaggiyar bindiga ya yi ta jan murfin da hannu, harsasai suna faɗowa kan tebur. Babu tabo. Sai ya shiga wajen harbi ya saki guda ɗaya, ya fito ya nuna mata wani ɗigo da sai an ƙura ido ake gani.

"Kin gani, ya hajja? Shwaiya ne kawai, ɗan kaɗan," in ji shi.

Ta ce masa wanda take nufi ya kai faɗin farcen babban yatsa. Ya yi dariya.

"Wannan ai sai an juye gidan harsashi kaf, wataƙila ma an sake cikawa. Harbi ɗaya ba ya yin haka, khalas, shi ke nan."

Ya goge ɗigon da gefen tsumma, ya miƙa mata tiren ta mayar.

Na shiga kame-kame. Na ce wataƙila sama ya harba don a watse. Na ce wataƙila atisaye suka je. Wallahi tausayinta ya kama ni.

"Ranar atisaye tun da safe yake gaya mini, Rabi," ta ce. Idonta na kan ƙofar ɗakin, har sai da na waiwaya na duba ni ma. "Duk shekarun nan mutum ɗaya nake sa wa niyya. Sauran suna nan tsaye suna jira, ni kuwa ban ma san su nawa ba ne."