Malam Namadi da Ranar da Aka Ɗinka Abin da Ya Zana

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda da hantsi ya san wata rumfar kwano mai benci ɗaya. Nan Malam Namadi ya zauna shekara arba'in da ɗoriya. Yakan iso bayan ya karya kumallo, ya share gabansa, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora wani faffaɗan katako bisa cinya. Sai ya zazzage kayan aikinsa daga tsohon gwangwanin madara: biro shuɗi da ja, rular ƙarfe da lambobinta suka goge tuntuni, da marafan kwalba manya da ƙanana na fitar da da'ira. Ya ɗauko farin ƙyalle, ya shafe shi da tafin hannu, ya yi bisimilla, ya ja layi. Ba ya ɗago kai sai an kira azahar.

Zanen hula ne sana'arsa. Hular da ke kanka yanzu, kafin allura ta taɓa ta sai da wani ya zauna ya tsara mata ado gida-gida da biro, sannan mata a cikin gidajensu suka bi layin da zare. In sun gama, zare ya rufe biron, mai wankin hula kuma ya wanke ɗan abin da ya rage na tawada. Za a yabi mai ɗinki, a yabi mai wanki, a yabi har kan da ya ɗauki hular ko da kan bai cancanta ba, amma ba wanda zai tambayi wa ya zana. Wannan ne ya sa na ga ya kamata a faɗi sunan bawan Allah nan tun yana jin mu.

In ka tambaye shi yadda aka yi ya shiga sana'ar, sai ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai sani ba. A firamaren Banga malamai suka gano hannunsa, suka mayar da shi mai zana musu taswira da hanjin ɗan Adam a kan allo. Ya so ya zama malamin makaranta, Allah bai yi ba. Ya shigo Kaura ya kama fentin bayan manyan motoci, har ranar da wani direba ya tsaya ya kalli zakin da ya zana masa, ya tambaye shi ko rago ne. Ya koma rubuta allunan shaguna. Daga nan wata tsohuwa maƙwabciyarsa, da mai yi mata zane ya rasu, ta miƙo masa ƙyalle ta ce ya gwada. Gwajin da bai ƙare ba ke nan. Ko lokacin da ya je neman auren Lubabatu a Shinkafi, da aka ce wa danginta sana'arsa zane, sun ɗauka mai sayar da zannuwa ne. Sai da surukarsa ta aiko a zaɓo mata atamfa turmi biyu sannan aka gane ba a fahimci juna ba.

Kulsumu ta Sakajiki ita ce shaidar farko a kan yadda yake aiki. Dattijuwa ce, ita ke tattaro ƙyallayen mata kusan talatin duk ranar kasuwa, ta kawo masa, ta koma da waɗanda ya zana. Yawancin matan nan bai taɓa ganin fuskarsu ba, amma ya san kowace da ɗinkinta. Ta ce in ta ajiye hula a gabansa ba ta faɗin mai ita, shi ke faɗa. Mai raunin ido, sai ya buɗa mata gidajen zanen. Mai goyo, sai ya ba ta adon da za ta iya ajiyewa ta ɗauka ba tare da ta ɓace ba. Wadda ya ga hannunta ya nuna, sai ya ɗora mata mai wuya ba tare da ya ce komai ba, in ta iya ya ƙara mata.

Shaida na biyu Bawa ne mai wankin hula, wanda rumfarsa ke jingine da ta Malam Namadi, abokin tsokanarsa tun suna samari. Bawa ya ce shekarun da hanyoyin daji suka lalace, mata suka riƙa shigowa gari daga ƙauyuka ba su da komai sai 'ya'ya a baya, ya ga Namadi yana yanka yadi daga nasa, ya zana, ya haɗa da zare da allura ya miƙa. Ba ya tambayar suna. Abin da kawai yake tambaya shi ne ko mace ta taɓa riƙe allura, don ya san irin zanen da zai ba ta. Akwai gidaje a Kaura yau da tukunyarsu ta fara hawa murhu da wannan ƙyallen.

Kai ne wannan, Malam. Mai layi ɗaya ba gyara. Kai ne ka fitar da Layin Dogo da Idon Zabuwa da Kan Dawa, adon da ake sawa daga Zurmi har bakin iyaka, kuma ko ɗaya ba a kira da sunanka ba.

To, sai ido ya fara. Shekara uku da suka wuce ya lura layin biro yana yi masa hazo-hazo, gefen ƙyalle kuma yana ɓace masa. Lubabatu ta matsa, ya je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe sauran da magani. Ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Amma ranar kasuwa da Kulsumu ta kawo huluna, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya ji kowane layi a miƙe, kowane gida daidai da ɗan'uwansa. Ya rasa wanda zai gaskata. Likita ya ce ido ya tafi, hula ta ce yana nan. Ya auna, ya ga likitan nan jiya-jiya ya san shi, hula kuwa shekara arba'in suna tare, sai ya bi maganar hula. Har ya riƙa yi wa Bawa gorin cewa hannunsa ya fi idon wasu gani. Bawa kuwa, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, sai kawai ya ci gaba da goga hularsa.

Asirin ya tonu ne ta hannun Muhsina. Amarya ce da aka kawo Sakajiki daga Zurmi, ta iya ɗinki tun a gidansu. A makon da aka fara ba ta ƙyalle, Kulsumu ta tafi jinyar 'yarta, wata ce ta raba kayan, kuma ba wanda ya tuna ya ja amarya gefe ya yi mata bayani. Yarinya ta zauna ta bi biro sawu da ƙafa, inda ya hau ta hau, inda ya gangara ta gangara. Da hular ta iso wurin Bawa, ya yi ƙoƙarin tura ta ƙarƙashin benci, amma hannun Malam Namadi ya riga shi. Ya zagaya ta da yatsa, ya ji Layin Dogo ya karkace, gida bakwai a wani gefe, tara a wani, bakin ado bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a zo masa da wadda ta yi wa zanensa wannan wulaƙanci.

Ranar kasuwa ta gaba Kulsumu ta zo da ita. Ya yi faɗa, faɗan da ba a saba ji daga gare shi ba. Muhsina tana durƙushe har ya gama, sannan ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Abin da kaz zana shi niɗ ɗinka. Ban ƙara ba, ban rage ba.”

Ta fito da ƙyalle na biyu da aka ba ta, wanda ba ta kai ga sa wa allura ba. Ya fita da shi rana, ya kai shi dab da idonsa na dama, ya daɗe yana bin layin, har ya ga ashe biron ne ya karkace. Biro ba shi da tudun da yatsa zai ji, shi ya sa shekara uku bai taɓa sanin abin da hannunsa ke bari a kan ƙyalle ba. Ya dawo ya zauna.

“Kulsumu, tun yaushe?”

“Damina ukku ke nan, Malam.”

“To mi kunka riƙa ɗinkawa?”

“Zanenka. Na da. Shina hannunmu.”

“Don mi ba ku hwaɗa mani ba?”

Ta sunkuyar da kai. “Wa za shi hwaɗa maka, Malam? Da wane baki?”

Ashe mata talatin, ba tare da sun taɓa zama sun ƙulla ba, kowace in ta ga layi ya kauce sai ta yi shiru ta bi hanyar da ta san shi zai bi. Bawa ya sani, don shi ke wanke tawadar da ta fito gefen zare. Lubabatu ma ta sani.

Kwana tara bai buɗe rumfa ba. Bai san ko fushi zai yi ko godiya ba, sai ya yi ta yin duka biyun, wannan da safe wancan da rana. Abin da ya fi ci masa rai tambaya ɗaya ce: shekara ukun nan aiki yake yi, ko lallashinsa ake yi? In mata sun iya ba tare da shi ba, to zamansa a rumfa na mene ne? In kuma ba su iya ba, wa ya miƙe layin? Ya tambayi Bawa da ya zo duba shi, Bawa ya ce wallahi shi ma ya sha tunanin haka bai samo ba. Sannan ga tsoron da bai faɗa wa kowa ba sai matarsa. Zane sama da ɗari ne a kansa, bai taɓa ajiye ko ɗaya a takarda ba, matan kuma ba su riƙe fiye da goma sha biyu ba, waɗanda kasuwa ta fi nema. Sauran yana ganin su tar in ya rufe ido, amma ba shi da hanyar fito da su.

Kulsumu ce ta same shi a zaure da ƙunshin fararen ƙyallaye. Ya ce ta mayar, shi ya ajiye biro, su je su yi da kansu tunda sun iya. Ta gaya masa sun gwada a makon nan. Mace ta ɗauki farin ƙyalle ta juya shi, ta rasa inda za ta soka allura. Gyara suka iya, farawa kuwa ba su iya ba. Sai ya tambaye ta ina yarinyar nan da ba ta ƙari ba ta ragi.

Haka aka yi. Da izinin mijinta, Muhsina tana biyo Kulsumu duk ranar kasuwa, ta zauna a tsakar gidan Lubabatu da katakon nan bisa cinya. Malam Namadi yana gefe, ido a rufe, yana faɗa: gida bakwai ki juya, ki bar biyu, ki sa ƙaramin marfi. Ita kuma tana ja. Kowane zane sai ta yi biyu, ɗaya a ƙyalle, ɗaya a wani littafi mai kauri. Sun kai talatin da huɗu zuwa ranar da na je.

Ranar ce kuma aka kawo hular farko ta wannan hanya, wani tsohon ado da rabon a gan shi tun kafin a haifi Muhsina. Ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya ta da yatsa sau ɗaya, ya sake zagayawa. Layi a miƙe, baki ya haɗu da baki. Na ga idon nan da ba ya gani ya kawo ruwa. Sai ya juyo wajenmu, da gaske yake tambaya, ba wasa ba.

“Ni ban taɓa biro ba. Ita kuma ba ta san adon ga ba. To wa yaz zana?”

Ba wanda ya amsa masa a wurin. Kulsumu ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi ya sa na zo nan in amsa a gaban jama'a.

Kai ne, Malam. Kai ka zana wannan, kuma kai ka zana na shekara ukun nan da kake shakka, don layin da matan suka bi ba daga sama ya faɗo musu ba. Mun gode. Mun gode a madadin duk kan da ya sa adonka bai san ka ba, da duk gidan da aka ci tuwo da allurar da ka miƙa. Ku kuma masu sana'ar hannu, masu fenti da masu ɗinki da masu tsara hoto a kwamfuta, ku koyar kamar yadda ya koyar, har aikinku ya zauna a hannun wasu, kuma ku faɗi abin da ke kanku tun baki yana iya faɗa. Saura zane sittin da wani abu, Malam. Allah ya ba ka kwanakin da za ka faɗe su duka.