Yayana da Tafiyar Duba Gini

Yayana dillali ne, amma ba na gidan haya ba. Shi ke haɗa mai son sayen otal ko katafaren sito da bankin da zai ba shi rance. Ranar da aka ɗauke shi aiki, ogansa ya ce tafiya ba ta da yawa, sai jefi-jefi. Ƙarya tsagwaronta! Tun daga ranar jakarsa ba ta koma kan kabad ba, har yaran gida suka raɗa masa Kawu Sai-na-dawo.

Tsarin aikin ne ke ƙona min rai. Banki ba ya sakin rance sai wakilinsa ya taka ginin da ƙafarsa, kuma dole dillali ya tsaya a gefensa, yana buɗe masa ƙofa yana yaƙe haƙora.

Ana cikin haka Baba ya fara mantuwa. Likita ya ce fuskar da yake gani kullum ita zai riƙe, sauran sai yadda hali ya yi. Yaya ya roƙi a bar shi a ofis ko na wata guda. Oga ya dafa kafaɗarsa, wai akwai wani mai sayen sito da bai yarda da kowa ba sai shi, ya ƙarasa wannan tukuna.

Yaya ya tafi. Wakilin banki ya yi ta ɗaga rana, Yaya na zaune a masauki yana kallon bango. Da mutumin ya ga damar zuwa, sai ya ɗaga kai ya kalli rufi, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ɗaya, ya tambayi inda ake sayar da abinci mai kyau. Abin da aka raba mutum da mahaifinsa a kai ke nan! Daga can aka tura Yaya wani garin, daga nan wani.

Ranar da ya dawo, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya gyara zama, ya ce in kawo wa baƙo ruwa, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Yaya ya yi masa bayani.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Ɗana ma irin aikin yake yi. In kun haɗu a hanya, ka ce masa ina nemansa."

"To, Baba, zan faɗa masa."

Ya shanye ruwan, ya fita tsakar gida, ya daɗe a bakin famfo yana wanke fuska.