Kawu Idi, Sirbeyan Har Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa zama gidan Kawu Idi a Talladje ya san ba a jin tafiyarsa. Kana cikin cin tuwonka sai ka ji numfashi a ƙeyarka. Ka waiwaya, ga shi tsaye, hannuwa a baya, yana leƙen kwanonka kamar ka ɓoye amsa a ƙarƙashin miya. Shekara talatin ya yi yana sirbeyan a lise, wato babbar sakandare, yana tsaron ɗalibai. Gwamnati ta sallame shi ya huta, amma shi bai sallami kowa ba. Ko a walimar suna, mutane na tsakiyar cin shinkafa, sai ya ɗaga murya: "Saura minti biyar!" Kuma wallahi sai ka ga manyan alhazai suna ƙara sauri.

Ni na faɗa hannunsa ne a shekarata ta biyu a fakulten shari'a. Na fāɗi zagayen farko, saura ratarapaji, jarrabawar ceto. In na sake faɗuwa, sai in tattara kayana in koma Maraɗi, inda mahaifiyata, ƙanwarsa, ta riga ta shaida wa unguwa kaf cewa ɗiyarta alƙaliya ce. Abinci ya daina shiga, gashina na zuba a mataji. Wata safiya na ce masa, "Kawu, sitires zai kashe ni."

"Mi?"

"Sitires, Kawu. Damuwa."

"Af! Na san shi. A zamaninmu sunansa 'ban yi karatu ba'. Ku ne kuka sa shi lakkol ya dawo da sunan Nasara."

Washegari sai ga shi daga kasuwar Katako da tsohon teburin 'yan firamare ɗaure a bayan keke. Ya dasa shi a ƙarƙashin dogon yaro, ya ce daga yau kullum ƙarfe takwas akwai jarrabawar gwaji. Ya sa matarsa, Tanti Hajo, ta caje hijabina har cikin kunne. Sannan ya buɗe akwatinsa na ƙarfe. Jama'a! Bik ne maƙil, alƙaluman rubutu, da ƙananan takardun satar amsa da ya ƙwace tun ba a haife ni ba. Mutumin nan bai taɓa sayen bik ba a duniya. A bayan takardun ɓarayin nan ya ce in riƙa gwada amsata, wai bayansu bai yi laifin komai ba.

Ni kaɗai ce a tsakar gidan, sai tunkiyar Tanti da ke tuƙa a gefe. Amma Kawu na ta kai da kawowa yana gyaran murya.

"Kandida, ido a takarda! Ban da kallon maƙwabci!"

"Kawu, wane maƙwabci? Tunkiya ce fa!"

"Na sha kama masu kwafa wurin wanda bai kai ta ba."

Da lokaci ya cika ya fizge takardar, ya kafa tabarau, ya juya ta gaba da baya, ya zana mini bakwai bisa ashirin da jan bik. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, tsakani da Allah, ka san shari'a ne?"

"Ko kaɗan. Amma na san fuskar mai bakwai."

Saura kwana uku jarrabawa, abin ya kai ni ƙasa. Na zauna a teburin, na ɗauki bik, hannuna ya kama rawa. Abin da na haddace jiya na neme shi na rasa. Sai kuka, irin mai shessheƙar nan. Na jira baƙar magana, ba ta zo ba. Kawu ya tattara kayena da littattafai da salulata, ya zuba a akwatin, ya danna kwaɗo.

"An ƙwace. Sa takalminki."

A ƙasa muka taka har garakan bakin kogi, domin a wurinsa taksi na marasa lafiya ne da 'yan siyasa. Ya saya mini kopto, kwaɗon zogale, wurin wata Bazabarma, bayan ya sa ta ƙara cokali biyu da sunan gyara, ya tsaya a kaina sai da na share kwanon. Muka zauna muna kallon masu ban ruwan salati. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Sau uku na zauna bak, jarrabawar gama lise. Sau uku hannuna ya yi abin da naki ya yi yau. Na san amsar, ɗiyata, wallahi na sani. Shi ya sa na ƙare a tsaron masu rubutu."

Na juyo na dube shi, ya ci gaba:

"Waɗanda ke suma a ɗakin jarrabawa, masu karatun ne. Sakarkaru lafiya lau suke fita. Ki ci, ki yi barci, ki bar takarda ta yi kewarki." Sai ya haɗe fuska. "In kika faɗa wa wani zancen bak ɗin nan, zan ce sitires ne ya taɓa miki kai."

To, ga shi na faɗa. Ya yafe mini.

Ranar jarrabawa ya ci tsohon kwat ɗinsa mai warin kafur, ya raka ni har jami'a, a hayin kogi. Na ɗauka zai juya daga ƙofa. Ina! Ina cikin rubutu sai na ji muryarsa ta taga, yana yi wa matashin da ke tsaronmu faɗa: "Malam, salula kake latsawa ko tsaro kake? Layi na huɗu, mai shuɗiyar riga, duba cikin safarsa!"

Aka duba, aka samu. Mai shuɗiyar rigar nan kuwa Nasiru ne, saurayina, wanda ya yi wata shida yana zuwa gaishe da Kawu da ledar lemu. Masu gadi suka fitar da su tare, ɗaya na kuka, ɗaya na koya musu yadda ake riƙe mai laifi. Da na yi wa Kawu ƙorafi a gida, sai ya ce, "Lemun ma tsami gare shi."

Sakamako ya fito, na samu goma da rabi bisa ashirin, na haye da ƙyar. Na shigo gida da gudu ina ihu, Tanti na guɗa. Kawu ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa, na ga tabaraunsa sun yi hazo. Ya cire su ya goge da bakin riga.

"Goman taki ce," in ji shi. "Rabin nan nawa ne."

Bai ga ranar da na sa baƙar rigar alƙalai ba. Ya rasu saura wata biyu, bayan 'yar gajeruwar jinya, ranar wata Juma'a da hantsi. A wurin zaman makoki na ga dattawa masu furfura, waɗanda ya taɓa kora daga aji, suna ba da labarinsa suna dariya suna share ido.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya yafe masa zafin bakinsa, domin cikinsa babu mugunta. Ya Allah, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi hutun da ya ƙi yi a duniya. Amin.